ZARE: Kwana huɗu a Napoli, da ƙaryar da muke yi wa 'yan gida da hoto

1/
Jama'a ku matso. Yau da 'yan uwana ɗaliban da ke karatu a Turai nake, musamman masu gama digiri su rataya jaka su ce sun tafi "yawon buɗe ido". Na san wasu za su ji haushi. Ku ji ɗin. Ni ma ina cikin masu laifin, don haka ba wanda zan ragawa, har ni kaina.

2/
Watan jiya muka gama digiri na biyu a wata jami'a a arewacin Italiya. Mu huɗu ne Hausawa: ni Bakano, sai Bazazzagi, sai Bakatsine, sai ɗan Damagaram. Al'adarsu a nan, duk wanda ya gama ana ɗora masa kambun ganye a ka. Muka sha kambu, muka sha addu'a daga gida, muka ce kafin kowa ya kama gabansa bari mu gangara kudu, mu yi kwana huɗu a Napoli.

3/
Ranar ƙarshe na tsaya a bakin teku, dutsen Vesuvio a bayana, rana na faɗuwa, aka ɗauke ni. Na ɗora. Bayan kwana uku ɗan kawuna, yaro ɗan shekara 19, ya turo min saƙon murya: "Yaya na ga hotonka. Wallahi babur ɗin nan zan sayar in bi ta Agadez, sai dai kawai ka gan ni." Na ɗauka wasa ne. Ashe har ya tambayo kuɗin mota.

4/
Tun daren nake tambayar kaina: me hoton nan ya gaya wa yaron? Amsar da na samu ita ce dalilin wannan zaren. Yawon da yawancinmu ke yi yawon hoto ne kawai, kuma cuta biyu ce a cikinsa. Mun cuci kanmu, don mun je gari ba mu gan shi ba, ba mu ci abincinsa ba. Mun cuci na gida, don mun nuna musu abin da babu shi. Bari in bi su ɗaya bayan ɗaya.

5/
Tun kafin mu tashi, abokan karatunmu 'yan arewacin Italiya suka fara: Napoli garin ɓarayi ne, garin shara, garin Camorra. Har kalmar raini gare su da suke kiran 'yan kudu da ita, "terroni". Sai ga Bakatsinenmu yana maimaitawa kamar karatun allo. Na ce haba malam! Mu da ake kira "aboki" da wata irin murya a Legas, mu ne za mu ari rainin wani mu yafa?

6/
Ba zan yi muku ƙarya ba: akwai shara a wasu lunguna. Babura na kutsawa cikin mutane ba ko sallama. A tashar jirgin ƙasa da cikin jirgin akwai masu yankan aljihu. To sai me? Wanda ya taɓa shiga Kantin Kwari ana jajibirin sallah ya san inda ake sa waya. Kwana huɗu muka yi, ko allura ba mu rasa ba.

7/
Ga abin da masu raini ba sa faɗa. Sunan garin daga Girkanci yake, Neapolis, ma'anarsa sabon birni. Girkawa suka kafa shi kusan shekara 2,500 da suka wuce, kuma titunan tsakiyar gari har yau a kan layin da suka shata suke. Wani titi siriri ya tsaga tsohon garin gida biyu, shi ya sa ake ce masa Spaccanapoli. Babbar jami'arsu tun 1224 take. A 1995 UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya.

8/
Akwai kuma jami'ar L'Orientale, wadda asalinta ya koma 1732. A cikinta ana koyar da Hausa. Ku sake karantawa. Hausa, a Napoli, Turawa na zaune suna fama da ɓ da ɗ da ƙ. Ɗaya daga gine-ginenta yana dandalin San Domenico Maggiore, a kan Spaccanapoli ɗin nan. Mun tsaya a ƙofarsa. Abokaina biyu ba su ko ɗaga kai ba, suna neman kusurwar da haske ya fi kyau.

9/
Mu zo kan abinci, inda rigimar ta fara. Daren farko Bazazzagi ya ja mu shagon kebab a bakin tasha. Shekara biyu yana Italiya, kebab da indomi ne suka riƙe shi. Hujjarsa: halal. Wallahi ina girmama mai kiyaye cikinsa, ni ma ba na wasa da wannan. Amma mu faɗi gaskiya, da yawa cikinmu ƙyuyar tambaya ce muka sa wa rawanin taƙawa. Matambayi ai ba ya ɓata.

10/
Ƙullin pizzar Napoli ta asali abu huɗu ne: fulawa, ruwa, gishiri, yis. Shi ke nan. Marinara: tumatir, tafarnuwa, man zaitun da wani ganyen ƙamshi. Babu nama, babu ko cuku. Margherita: tumatir, cukun mozzarella, man zaitun da ɗoɗɗoya irin tasu. In ma cukun ne kake shakka, ga marinara nan. Ina haramcin, Malam Bazazzagi?

11/
Ku ga yadda ake yin ta. Murhun itace mai zafin da ya haura digiri 400, a zura ta da doguwar cebur, minti ɗaya da rabi a fito da ita, gefenta ya kumbura ya yi ɗigo-ɗigon ƙuna. Ina ganin haka na tuna masu gurasa a bakin tanderu a Jakara. Asalinta ma abincin talaka ne, kamar bandashe. A 2017 UNESCO ta karrama sana'ar masu yin ta. Mu kuwa muna can muna layin kebab.

12/
Kuɗi fa? A titin Tribunali mun sayi wadda ake ninkewa gida huɗu a naɗe a takarda, "a portafoglio" suke ce mata, yuro biyu. A zaune kuwa mun ci margherita mai cika faranti a yuro shida. Kebab ɗin daren farko ya fi ta tsada. Wato ka biya da yawa don ka ci abin da za ka samu a kowace tasha a Turai.

13/
Yanzu ga abin dariya mai ban haushi. Washegari da safe wannan Bazazzagin dai ya hango sfogliatella a gilashi, wani ɗan fanke mai ninki-ninki kamar ƙwanson kifi. Ta yi masa kyau a hoto, ya saya ba tambaya. Da kyar ɗan Damagaram ya riƙe hannunsa. Ta gargajiya da kitsen alade ake yin ta. Mutumin da ya guje wa tumatir da fulawa, ga shi zai afka wa alade don hoto.

14/
Ku ajiye wannan, zai yi muku amfani. Maiale alade ne. Strutto ko sugna kitsensa ne. Prosciutto, pancetta, guanciale, salame, cicoli duk danginsa ne. Taralli na Napoli da kitsen ake yi. Soyayyar pizza, wato pizza fritta, yawanci akwai cicoli a cikinta. Babà a giyar rum ake jiƙa shi. Limoncello barasa ce, kada launin lemo ya ruɗe ka. Ka ce "C'è strutto?" ko "Senza maiale". Za su gaya maka gaskiya, sun saba.

15/
Bayan ka cire waɗannan, abin da ya rage ya ishe ka wata guda. A kasuwar Pignasecca mun ci cuoppo, soyayyun ƙananan kifi da dangin su a mazurarin takarda, kana tafe kana ci kamar mai cin ƙosai. Mun tambayi man suyar, na tsirrai ne. Mun ci mozzarella ta nonon ɓauna, wadda in ka yanka madara ke tsiyaya. Mun sha ƙanƙarar lemon tsami. Duk wannan yana nan, wani ya koma gida ya ce "Italiya ba abinci".

16/
Kofi ma da karatunsa. In ka sha a tsaye a kanta, kuɗinsa kaɗan ne. In ka zauna a tebur a dandalin 'yan hoto, ya ninka. A gidan abinci kuma akwai kuɗin zama da suke kira coperto. Sannan suna da wata al'ada, caffè sospeso: ka sha ɗaya ka biya biyu, na biyun a ajiye wa wanda zai shigo ba shi da ko sisi. Ba ka san shi ba, bai san ka ba. Sadakar ɓoye ke nan. Wa ya taɓa ɗora wannan a sitatus?

17/
Rana ta biyu muka rabu. Bakatsine da Bazazzagi suka ce sai Positano, garin nan na bakin teku mai gidaje kan dutse da kuke gani a Instagram. Suka biya jirgin ruwa, suka biya kujera, suka raba faranti ɗaya su biyu don tsada. Da dare suka dawo da yunwa da hoto kusan ɗari biyu. Na ce me kuka gani? Suka ce ruwa da matakala. Hangen Dala ai ba shiga birni ba ne.

18/
Ni da ɗan Damagaram muka hau ɗan jirgin Circumvesuviana, minti arba'in bai cika ba muka sauka Pompei. Garin Rumawa ne da Vesuvio ya yi aman wuta ya binne da toka a shekara ta 79 miladiyya. A 1748 aka fara tono shi. Kana tafiya a titi kana ganin sawun ƙafar keken doki ya ci dutse. A bango ga tallan 'yan takara an rubuta da jan fenti, a zaɓi wane. Na ce ashe fosta ta daɗe.

19/
Ga shagunan abinci da kanta mai ramuka inda ake dasa tukwane, talaka ya tsaya ya saya ya ci ya wuce. Mai shayi da mai wake da shinkafa na wancan zamani. Har burodi aka tono da ya ƙone ya zama gawayi, an tsaga shi gida takwas, mai shi bai samu ya sayar ba. Cin abinci a tsaye a titi da muka yi jiya a Napoli, ashe gado ne na shekara dubu biyu.

20/
Sai kuma mutanen. Toka ta rufe su, jiki ya ruɓe ya bar rami. A 1863 Giuseppe Fiorelli ya fara zuba farar ƙasa a ramukan, siffarsu ta fito yadda mutuwa ta same su. Wani ya dunƙule ya rufe fuska. Ɗan Damagaram, sarkin surutu, ya yi tsit har muka fito. Dutsen kuma yana nan da ransa, a 1944 ya yi aman ƙarshe, dubban ɗaruruwan mutane na kwana a gindinsa. Shi ne na mayar labulen hoto.

21/
Rana ta uku muka shiga ƙarƙashin garin, mu huɗu. Matakala sama da ɗari, zurfin kusan mita 40. Nan aka haƙo dutsen da aka gina garin, ramukan suka zama matattarar ruwan sha har kwalarar 1884 ta sa aka rufe su. A yaƙin duniya na biyu nan mutane suka ɓuya daga bama-bamai. Kuma su ne a Satumban 1943 suka tashi suka kori sojojin Jamus cikin kwana huɗu. Sharhin Bakatsine: "Wurin nan duhu, hoto ba ya fita."

22/
Da yamma muka hau unguwar Quartieri Spagnoli, inda katon zanen Maradona yake a bango. Shi ya ci musu kofin Serie A a 1987 da 1990, daga nan shiru har shekara 33, sai 2023 da Osimhen ya zura ƙwallo 26. Duk wanda ya ji mun ce Najeriya sai ya ɗaga hannu, "Osimhen!" Mun ji daɗi, ba ƙarya. Amma washegari na gane wannan marabar ta mai cin ƙwallo ce da mai kambu a ka.

23/
Washegarin Juma'a ce. Muka je wani ɗan masallaci wajen Piazza Mercato. Ana fitowa na ji Hausa a bayana, Hausar zango. Wani bawan Allah ne daga Kumasi, zai yi shekara arba'in da 'yan kai. Ya ji daga inda muke, ya ce "Ƙannena, ku da jirgin sama kuka zo ko?" Muka ce e. Ya yi murmushi ya ce shi ta Agadez ya bi, ya yi Sabha, ya hau kwale-kwalen roba.

24/
Muka zauna da shi kusan awa biyu. Yanzu kaya yake kasawa a bakin tasha, da ya hango 'yan sanda ya naɗe tabarma. Lokacin zafi yana tafiya gonakin wajen Foggia tsinkar tumatir. Ba da awa ake biya ba, da akwati ne, katon akwati a 'yan yuro kaɗan. Dillalin leburori, caporale, ya cire kuɗin mota, ya cire na ruwan sha. Mahaifiyarsa ta rasu bai je ba, don in ya fita ba shi da takardar dawowa.

25/
Kada wani ya ce labarin mutum ɗaya ne. A 1989 aka kashe Jerry Masslo, ɗan Afirka ta Kudu mai tsinkar tumatir, a Villa Literno kusa da Napoli. A Satumban 2008 'yan Camorra suka bindige 'yan Afirka ta Yamma shida a Castel Volturno. A 2016 Italiya ta tsaurara doka kan dillalan nan. Duk da haka a Agustan 2018 leburori baƙi 16 suka mutu a haɗarin mota biyu wajen Foggia, suna dawowa daga gona.

26/
Da yammar nan na sake cin marinara. Ta yi daɗi kamar jiya, ban fasa ci ba, ba kuma cewa nake ku fasa ba. Sai dai na kalli jan tumatirin na san mai yiwuwa hannun wa ya tsinko shi. Wannan sanin shi ne ribar tafiyar. Wanda ya wuni a kujerar Positano ba zai samo shi ba, wanda ya ɓuya a shagon kebab ma haka.

27/
To ga nawa laifin, tunda laifi tudu ne. Bayan duk abin da na ji, da muka je bakin teku ɗaukar hoton nan, akwai wani ɗan uwa baƙar fata a bayana ya kasa tabarau a ƙasa. Na ce wa mai ɗauka, "Ɗan matsa hagu, kada ya fito." Ni na faɗa da bakina, awa huɗu bayan na rabu da mutumin Kumasi. Hoton da ɗan kawuna ya gani ke nan. Na yanke masa ainihin wurin da zai tsaya in ya zo ta Agadez.

28/
Na san amsoshinku. "Kuɗina ne, wahalata ce, in ɗora abin da na ga dama." Gaskiya ne, kun sha sanyi kun sha karatu, ku ji daɗinku. Amma hoton ba a ɗakinka ya tsaya ba. Yana sauka a wayar yaron da ya gama sakandare shekara uku ba aiki, yana kallo da ƙarfe biyun dare. Kai ka san bayan hoton akwai ɗaki ɗaya ku uku. Shi bai sani ba.

29/
"Mai niyyar tafiya zai tafi ko ba hoto." Wataƙila. Talauci da rashin tsaro ne manyan masu tura yara sahara, ban ce sitatus ɗinka ya fi su ba. Amma in gida na ci da wuta, ba ka da hujjar ƙara ko cokali ɗaya na fetur. "To hoton wahala za mu riƙa ɗorawa?" A'a. Ka ɗora pizzarka, ka ɗora tekunka. Ka dai ƙara layi biyu na gaskiya a ƙasa.

30/
Ka faɗi yadda ka zo. Ka ce da takardar shiga jami'a ka zo, ka yi rajista ta Universitaly, ka nemi bizar karatu a ofishin jakadanci. Ka ce akwai tallafin karatu na jihohinsu da ake bayarwa bisa ƙarfin iyali, kuma baƙo ma yana iya nema. Ka ce takardar zaman ɗalibi awa 20 kawai ta yarda ka yi aiki a mako, kuma sabunta ta layi ne da jiran watanni. Wannan bayanin ya fi hoto ɗari amfani ga ƙaninka.

31/
In kuma ka tashi yawon, ka yi shi da gaske. Gari ɗaya ya isa. Ka ci abin da 'yan gari ke ci bayan ka tambaya. Ka hau jirginsu mai cunkoso. Lahadin farkon kowane wata gidajen tarihin gwamnati kyauta ne, har Pompei. Ka je masallacin Juma'a ka gaisa da 'yan uwan da ba su zo ta hanyarka ba, ka ji ta bakinsu. Tafiya mabuɗin ilimi aka ce, ba a ce mabuɗin kyamara ba.

32/
Ɗan kawuna kuwa, na kira shi mun yi sama da awa. Na ba shi labarin mutumin Kumasi tas, na gaya masa wanda na sa aka yanke a hoton. Ya yi shiru, can ya ce "Yaya, to me ya sa ba ka faɗa ba tun farko?" Ban samu amsa ba. Na sanar da kawu. Zuwa yau babur ɗin yana nan, mun fara maganar ya sake zana jarrabawa. Ku taya mu da addu'a, don yaro ne mai zuciya.

33/
Hoton ban goge shi ba, na bar shi a sama da wannan zaren don ku haɗa su ku gani. Bakatsine da Bazazzagi, na san kuna karantawa kuna cizon yatsa. Ku yi haƙuri, zumunci na nan, amma bashin marinara ɗaya-ɗaya na kanku. Wanda ke da ja kuma, ga fili nan a ƙasa, ina nan har dare. Allah ya tsare mana yaranmu.